Wayar Baba ta Biyu

A makarantar da yake aiki ba wanda yake kiransa da ainihin sunansa. Yara da iyayensu, malamai, har ita kanta Shugabar makaranta, kowa Baba Direba yake ce masa. Dogon mutum ne siriri, furfura ta gama cinye gemunsa, ba shi da yawan magana, kuma abu ɗaya ne yake saurin ɓata masa rai: a taɓa masa madubin mota. Shi yake jan doguwar motar da ke kwaso yara da safe, ta mayar da su gidajensu bayan an tashi.

Da wankin taya ya fara. Yana saurayi ya bi wani direban babbar mota a matsayin karen mota, yana ɗaure tamfol, yana sa wa taya waigi a kan gangara, yana kwana a ƙarƙashin mota. A hankali aka fara ba shi sitiyari a inda hanya ta miƙe, har ya zama direba mai motar kansa a hannu. Ya yi shekaru yana cin doguwar hanya, sai ya yi makonni iyalinsa ba su sa shi a ido ba. Abin da ya raba shi da wannan rayuwar shi ne ranar da abokin aikinsa ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari a gabansa, motar ta bar titi yana kallo. Shi ya taimaka aka ciro gawar. Da ya dawo gida matarsa ta zauna a bakin gado tana kallonsa yana cire takalmi. Bai sake ɗaukar lodi ba.

Aikin makaranta ya zo masa daidai. Ya san ƙofar gidan kowane yaro, ya san wanda uwarsa ke makara wajen shirya shi, ya san wanda mota ke juya wa ciki, sai ya zaunar da shi gaba kusa da taga. A duk tsawon zamansa a wurin ko fentin motar bai taɓa gogewa ba, kuma yana alfahari da hakan, ko da yake ba ya faɗa.

A gida su biyu ne suka rage, shi da matarsa, wadda kowa ke ce wa Mama. Tana ɗinki a falo, keken ɗinkinta na jikin taga. Babbar 'yarsu ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ke cikin gari, tun tana makarantar koyon aikin aka laƙaba mata Nas, sunan ya bi ta har gidan mijinta. Auta kuwa aiki ya kai shi wani gari mai nisa, can ya yi aure, can matarsa ta haihu.

Wannan jaririn ne ya jawo maganar tabulet. Auta yana yawan turo bidiyon yaron, Baba Direba ya sa tabarau, ya nesanta wayar, ya matso da ita, amma abin da yake gani bai wuce wani ɗan dunƙule yana motsi a cikin zani ba. Ita wayar, Nas ce ta saya masa, ita ta buɗe masa akawunt, ta rubuta masa kalmar sirrin, har ya haddace. Ya ga wata malama a makaranta da irin babbar wayar nan mai faɗi kamar allo, ya ga yadda fuska ke fitowa a kanta ɓaro-ɓaro, sai ya ƙudurta a ransa shi ma zai nemi ta hannu. Bai gaya wa kowa ba. So yake ya kira Auta kawai, ya ce masa yau dai ya ga hancin jikansa.

Ranar hutu ya je kasuwar waya, wurin wani mai gyara da ake ce wa Injiniya. Shagon ɗan ƙarami ne, mutum biyu ba sa iya wucewa a jere, teburin cike da matattun batura da wayoyin caja da suka cukurkuɗe. Injiniya ya fito masa da wata tabulet mai ɗan tsagu a kusurwa ɗaya, ya ce mai ita ya goge komai kafin ya kawo, fes take kamar sabuwa. Suka daidaita. Baba Direba ya zauna a kan benci, Injiniya ya kunna ta, ya ce ya faɗo imel ɗinsa da kalmar sirri. Ya faɗa ba tare da ya yi tuntuɓe ba, har ya ji daɗin kansa.

Tabulet ɗin ta yi ɗan juye-juyenta, sai wani rubutu ya fito. Injiniya ya karanta, ya ɗaga gira.

"Baba, tana neman lambar da kake buɗe ɗaya wayar taka da ita."

Baba Direba ya zaro wayarsa daga aljihu, ya faɗi lambar. Injiniya ya danna, tabulet ɗin ta girgiza ta ƙi.

"Ba wannan take nufi ba. Ɗayar."

"Wace ɗayar? Ni waya ɗaya gare ni."

"To wataƙila ragowar mai ita ce ta maƙale," in ji Injiniya. Ya kira mutumin da ya sayar masa, ya sa a sifika. Mutumin ya rantse ya fita daga komai, ya ce bai taɓa mallakar waya mai irin wannan sunan ba. Injiniya ya kashe, ya karɓi wayar Baba Direba, ya shiga nan ya fita can, sannan ya juyo masa da fuskarta.

"Ka gani? Wayoyi biyu ne a kan akawunt ɗinka. Ga wannan ta hannunka. Ga wata kuma, an sa mata suna Baba ta Biyu. Ita tabulet ɗin so take ta tabbatar kai ne, shi ya sa take tambayar lambar waccan."

"Ɓarayi ne ke nan?"

"Ɓarawo ba ya tsayawa sa wa waya suna, Baba. Kuma ai ba abin da aka taɓa maka." Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ba ya nufin komai. "Ko dai kana da wata a gida ka manta? Tsofaffinmu haka suke, sai a sa waya a durowa a mance da ita."

Baba Direba bai yi dariyar ba. Injiniya ya ci gaba da bayani, wai za a iya tsallake tambayar amma wasu abubuwan da aka adana za su salwanta, ko kuma a cire waccan wayar daga akawunt ɗin gaba ɗaya, ko mafi sauƙi a kira wanda ya buɗe masa akawunt a tambaye shi. Baba Direba ya ce a'a, a bar ta haka, zai duba a gida. Ya sa tabulet ɗin a leda ya fito.

Akwai dalilin da ya sa kalmar nan ta Injiniya ta soke shi. Mahaifiyarsa da ciwon mantuwa ta rasu. Da farko cokali take nema yana hannunta, ana dariya. Daga baya ta koma kiransa da sunan mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa, tana ɗaure kayanta a ɗankwali tana cewa a kai ta gida, alhali a gidanta take. Shi ya riƙa tare ta a bakin ƙofa. Har yau yana tuna yadda take kallonsa, kallon baƙon da ya hana ta wucewa.

Kuma shi ma akwai abin da ya ɓoye. A 'yan watannin nan sunaye na kufce masa. Ya taɓa tsayawa a gidan mai ya rasa ta wane gefe murfin tankin yake, motar da ya yi shekaru yana ja. Mafi muni, wata rana da yamma bayan ya ajiye motar makaranta, ya kamo hanyar gida da ƙafa, sai ya tsinci kansa a ƙofar tsohon gidansu, wanda suka bari tun Auta yana firamare. Har ya sa hannu a aljihu yana laluben makulli, sai ya ga an canja wa ƙofar fenti. Wata tsohuwar maƙwabciyarsu ta leƙo suka gaisa, ya ce wucewa yake yi ya ce bari ya ga unguwa. Ya dawo gida ya ce wa Mama cunkoso ne ya tsare shi.

To yanzu ga waya sukutum, mai ɗauke da sunansa, wadda bai san da ita ba. Idan mutum zai iya sayen waya, ya sa mata lamba, ya ajiye ta, abin ya goge daga kansa tas, me kuma ya rage?

Abu mafi sauƙi shi ne ya kira Nas. Ya ɗauki wayar ya fi a ƙirga yana ajiyewa. Me zai ce mata? Ina da wata waya ne? Ma'aikaciyar jinya ce, daga jin tambayar za ta gane, daga nan sai asibiti, daga asibiti sai a karɓe masa makullin mota. Ya ɓoye tabulet ɗin a ƙasan kayansa, ya fara nema a ɓoye.

Duk lokacin da Mama ta fita kai ɗinki ko sayen zare, sai ya hau bincike. Ya zazzage durowar gado, ya laluba aljihunan rigunan da ya daina sawa, ya sauko da tsohuwar jakarsa ta tafiya daga saman kabad. A makaranta ya duba akwatin gaban mota, ya ɗaga kujerarsa, ya leƙa inda ake ajiye jak. Ya sami tsohon lasisinsa, ya sami tabarau ɗin da ya ɓata bara, bai sami waya ba. In ya gaji sai ya fito da tabulet ɗin ya gwada lambobi: shekarar haihuwarsa, lambar babbar motar da ya fara ja, ƙarshen lambar wayar Mama. Kowace sai ta girgiza ta ƙi. Daga baya ta fara sa shi jira kafin ya sake gwadawa, jiran kuma kullum ƙara tsawo yake.

Ya koma yi wa kansa jarrabawa. Yana tuƙi yana jero sunayen yaran a zuci, kujera bayan kujera. In ya kai ƙarshe lafiya sai ya ji sanyi, in ɗaya ya maƙale sai gumi ya keto masa. Matar da ke raka yaran a mota, wadda suke kira Anti, ta lura.

"Baba Direba, yau ko rediyo ba ka kunna mana ba. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Kaina ne ke ɗan sarawa."

Abinci ma ya rage ci. Mama ta tambaye shi sau ɗaya, ya ce zafi ne, ba ta sake tambaya ba. Wannan ma ya dame shi, domin Mama ba mai barin magana ba ce. Sai ya riƙa kama ta tana kallonsa ta saman keken ɗinki, in sun haɗa ido ta mayar da kanta kan allura.

Ranar hutu ta zagayo. Mama ta tafi gidan wata mai ɗinki da hantsi, shi kuma ya ce yau ko waya ko shi. Ya fito da komai na ɗakin tsakar falo: akwatuna, kwalayen takalma, buhun tsofaffin yadi na Mama, har katifa ya jingine da bango. Yana durƙushe a tsakiyar kayan, hula a gefe, sai ya ji sallama. Nas ce, da kayan aiki a jikinta, daga asibiti ta biyo.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon falon.

"Baba, tashi za ku yi ba a gaya mana ba?"

"Wani abu nake nema."

"Mene ne? In taya ka."

"Ba komai. Takarda ce."

Ta tsallake kwalaye ta zauna a hannun kujera. Tabulet ɗin na kan tebur a kunne, ya manta bai ɓoye ta ba. Ta ɗauka tana murmushi.

"Iye, Baba an ci gaba! Yaushe ka saya? Ai da ka faɗa min na…"

Ta karanta rubutun da ke kai. Kafin ta yi tunani, yatsanta ya riga ya danna lambobin, yadda hannu ke yin abin da ya saba. Tabulet ɗin ba ta girgiza ba. Ta buɗe, hotuna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

Nas ta ɗago, ta ga yadda mahaifinta yake kallonta, sai murmushin ya bar fuskarta.

"A ina kika san lambar?"

Ta buɗe jakarta a hankali, ta fito da wata tsohuwar waya mai fasasshen baya, ta ajiye a kan tebur kusa da tabulet ɗin. Ya gane ta. Wayarta ce ta da, wadda ta daina riƙewa.

"Ni na sa akawunt ɗinka a kai, Baba. Don in riƙa ganin inda kake."

Ya dafa akwati ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Da farko wani irin sauƙi ne ya sauko masa: ashe bai sayi waya ya manta ba. Sauƙin bai daɗe ba, ɓacin rai ya taso ya danne shi.

"Bibiyata kike yi? Ni? Kamar wani ɓarawo?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Kin san abin da na shiga a kwanakin nan? Dubi ɗakin nan! Na ɗauka kaina ne ya taɓu. Ina tuƙa 'ya'yan mutane ina karanta sunayensu kamar mai koyon baƙi, ina cewa shi ke nan, abin da ya ci uwata ya iso kaina. Ashe 'yar cikina ce ta sa min igiya a ƙafa tana riƙe da bakin!"

"Wallahi ban san ka sayi wannan abin ba. Da na sani da tuni na zo."

"Da kin zo kin ƙara min wata ƙaryar."

Ana cikin haka Mama ta shigo da ledar ɗinki a hannu. Ta dubi kayan, ta dubi wayar da ke kan tebur, ta dubi 'yarta. Ba ta tambayi abin da ya faru ba, wannan ya sa ya gane komai.

"Har da ke?"

"Malam, zauna mana."

"Na ce har da ke?"

"Har da ni," in ji Mama. Ta ajiye ledar. "Maƙwabciyarmu ta tsohon gida ce ta kira ni. Ta ce ta gan ka kana neman buɗe ƙofar mutane. Ka dawo ka ce min cunkoso. Na yi ta jira ka faɗa min da bakinka, ba ka faɗa ba. In na tambaye ka, na san ka, cewa za ka yi an raina ka. Shi ya sa na gaya wa Nas. To me kake so in yi? In zauna har ranar da za a ce ba a gan ka ba?"

"Sau ɗaya ne! Sau ɗaya mutum ya yi kuskuren hanya, shi ke nan sai a ɗaura masa ƙararrawa?"

Nas ta share ido da bayan hannu. Muryarta ta koma irin wadda take yi wa 'yan uwan majiyyaci magana da ita.

"Ba sau ɗaya ba ne, Baba."

Ta buɗe tsohuwar wayar, ta shiga taswira, sannan ta ga rubutun ya yi masa ƙanana, sai ta buɗe a kan tabulet ɗin. Abin da ya fara gani da kyau a kan allon da ya saya don ganin jikansa shi ne hanyar da yake bi. Wani shuɗin zare ya tashi daga makaranta, ya bi unguwanni yadda ya saba, ƙofa bayan ƙofa. Ta matsa zuwa wata rana. Zaren ya zo shataletale, maimakon ya yi dama sai ya miƙe, ya shiga layin tsohon gidansu, ya tsaya, sannan ya juyo. Ta nuna masa wata ranar kuma, haka.

Ya sa tabarau, ya sunkuya ya duba lokacin da aka rubuta a gefe. Ba da yamma ba ne bayan ya ajiye mota. Lokacin mayar da yara ne. A daidai wannan lokacin wasu 'yan biyu da yake saukewa a ƙarshe suna cikin mota.

Ya nemi ranar a kansa, ya rasa. Ba ko inuwarta.

"Na'ura ma tana kuskure," ya ce, amma muryar ba ta fito da ƙarfi ba.

"Tana yi," in ji Nas. "Shi ya sa ban ce komai ba tukuna. Ina ta neman yadda zan fara maka maganar."

Ya cire tabarau ya ninke. Ya fara mayar da kaya cikin akwati, da suka matso za su taya shi ya ɗaga musu hannu. Nas ta daɗe a tsaye, sannan ta yi sallama ta tafi. Bai amsa ba.

Ranar da aka koma makaranta ya iso da wuri. Ya duba mai da ruwa, ya zagaya tayoyi yana bugawa da ƙafa. Da Anti ta iso, kafin su tashi, ya tambaye ta yana goge gilashi, kamar maganar ba ta dame shi ba.

"Anti, akwai ranar da na bi da ku ta wani layi bayan shataletale?"

"E mana, har sau biyu. Ka ce saƙo za ka karɓa. Ka tsaya a ƙofar wani gida, ba ka ko sauka ba, sai ka juya. Na ce wataƙila mai saƙon ba ya nan." Ta dube shi. "Wani abu ne?"

"Ba komai."

Ya yi zagayen safen nan a hankali fiye da kullum, har wani uba ya yi masa tsiyar ko motar ce ta tsufa. Da ya sauke yaran a harabar makaranta, ya jira na ƙarshe ya shige aji, ya kashe mota, ya zauna hannunsa a kan sitiyari har injin ya huce. Sannan ya nufi ofishin Shugaba.

Ta ɗauka gyaran mota ya kawo. Da ya ajiye makullin a kan teburinta, ya faɗa mata abin da ke nan ba tare da kwana-kwana ba, sai ta cire gilashinta ta ajiye. Ta ce ya ɗauki hutu ya ga likita tukuna, wataƙila gajiya ce. Ya ce zai ga likita, amma ko likita ya ce lafiyarsa ƙalau, shi ba zai sake ɗaukar ɗan wani a bayansa ba alhali bai yarda da kansa ba. Ta tambaye shi wa zai mayar da yaran yau. Ya ce direban ƙaramar motar ofis ya iya, shi zai zauna a gefensa ya nuna masa gidaje.

Haka aka yi. Ya zauna a kujerar da yake ba yaron da mota ke juya wa ciki, yana cewa nan dama, nan ka yi oda sau ɗaya uwar za ta fito. Yaran suna ta tambaya me ya sa Baba Direba ba ya tuƙi, Anti ta ce hannunsa ne ke ciwo.

Likitan da ya gani ba a asibitin su Nas yake ba, shi ya zaɓi haka. Matashi ne mai haƙuri. Ya sa shi ya zana agogo, ya faɗa masa wasu kalmomi ya ce zai tambaye shi anjima, aka ɗebi jininsa. Ya ce akwai abubuwa da dama da ke kawo irin wannan, wasu ana maganinsu su wuce, wasu sai dai a rage musu gudu, kuma ba zai yanke hukunci ba sai an yi hoton kai an ga sakamako. Baba Direba ya tambaye shi kai tsaye ko ciwon mahaifiyarsa ne. Likitan ya ce bai sani ba tukuna. Baba Direba ya fi son wannan amsar da a ce an lallashe shi.

Makarantar ba ta sallame shi ba. An ba shi kujera a bakin get, yana karɓar yara daga motocin iyayensu da safe, yana tsare titi su tsallaka. Albashin bai kai na da ba, kuma yini a zaune yana sa masa ciwon baya. In doguwar motar ta shigo yakan juya kai ya kalli wani wuri, musamman in sabon direban ya taka birki da ƙarfi.

Tsakaninsa da Mama magana ta dawo, don mutum ba ya iya gaba da wanda yake miƙo masa ruwan wanka. Da Nas kuwa abin ya ɗauki lokaci. Tana zuwa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Wata rana ta kawo tsohuwar wayar ta ajiye a gabansa, ta ce ga ta, in ya ce a goge yanzu za ta goge. Ya daɗe yana kallon wayar.

"Riƙe abinki," ya ce. "Amma daga yau in kin ga wani abu, ni za ki fara gaya wa. Ba uwarki ba, ba Auta ba. Ina da rai, kuma har yanzu ina jin magana."

"To, Baba."

"Kuma ki daina yi min muryar asibiti."

Ta yi dariya da hawaye a idonta. Shi bai yi ba, amma ya matsa mata a kan kujera ta zauna.

Ranar da zai koma karɓar sakamakon hoton, ta ce za ta ɗauki izini ta zo ta kai shi. Ya ce a'a, da ƙafarsa zai je, su haɗu a can. Ya fito da wuri, ya sa riga mai guga, katin asibiti a aljihun gaba. Ya bi babban titi, ya wuce gidan mai, ya wuce masu facin taya. A wata mararraba ya tsaya, hanyoyin biyu duk suka yi masa kama da juna. Ya ƙarasa wurin wani mai sayar da lemo a baro, ya yi masa sallama, ya tambaye shi hanyar asibiti. Mutumin ya nuna hagu da wuƙar da yake fere lemo da ita.

Ya tarar da Nas a bencin jira, ta ajiye jakarta a kujerar kusa don kar wani ya zauna. Ta ɗauke jakar, ya zauna yana share gumi.

"Ka sha hanya, Baba. Lafiya ka iso?"

"Na yi tambaya sau ɗaya," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Suka zauna suna kallon ƙofar likita, mutum uku ne a gabansu.